Ranar da Kasuwar Skelbeck Ta Bi Hester da Gudu

A garin Skelbeck, can cikin kwarin da tumaki suka ninka mutane sau tara, babu wanda zai ce maka bai san muryar Hester Iveson ba. Wanda bai san fuskarta ba ma ya san muryar. A gonar ubanta da ke saman tudu aka haife ta, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida, kuma tun tana 'yar mitsitsiya ita ake turawa bakin katanga ta kira maza cin abinci. In ta buɗe baki ta ce "Abinci!", ba 'yan gidansu kaɗai ke ajiye lauje ba. Har ma'aikatan gonaki biyu na maƙwabta sai su kama hanyar gida, su je su tarar ko ruwa bai tafasa ba.

Muryar nan ba ta taɓa jawo mata komai ba sai tsawa. A makaranta malama ta mayar da ita kujerar ƙarshe. A coci aka sa ta cikin mawaƙa, Lahadi na zagayowa limamin cocin ya roƙe ta cikin ladabi ta koma bakin ƙofa tana raba littattafan waƙa. Mijinta marigayi Norman mutum ne shiru-shiru. In ta fara ba shi labari sai ya tashi ya rufe taga, ba don ba ya son ji ba, sai don kada layin gaba ɗaya ya ji. Shekara ashirin da biyu ta yi tana dafa wa yaran makaranta abinci, faranti ɗari da sittin kullum, daga baya ta kafa teburin ƙwai da cuku a kasuwar Asabar. A duk tsawon zamanin nan, maganar da ta fi ji a rayuwarta ita ce, "Hester, rage murya."

Kwatsam, tana da shekara hamsin da uku, Baba Wilf Peacock mai shelar gari ya ce ya gaji.

Shi ne mai hawa dutsen da ke tsakiyar kasuwa kowace Asabar da safe, cikin jar riga mai maɓallan tagulla goma sha biyu, ya kaɗa ƙararrawar hannu, ya faɗi labaran gari da tsohon Turancin kakanni. Yanzu gwiwoyinsa sun ƙi dutsen. Majalisar gari ta ce duk mai so ya fito, za a yi gwaji a gaban jama'a. Hester tana jin haka ta zubar da tiren ƙwai guda, ko kallonsa ba ta yi ba. Aikin da ake neman murya! A garin nan! Kafin rana ta faɗi ta kai sunanta. Mutum biyu ne kacal suka fito, ita da Clem Sunter mahauci, wanda suka zauna benci ɗaya da shi a makaranta suna tsungulin juna.

"Ke?" in ji Clem daga bayan teburinsa, yana wasa wuƙa. "Hester, tagogin kasuwar nan tamanin ne. Wa zai share gilashi in kin gama?"

"Kai dai Sarkin Fawa ka ji da tumbinka," in ji ta. "Jar rigar nan ko maɓalli uku ba za ta ba ka ba."

Baba Wilf ya ce shi ba zai miƙa ƙararrawarsa ga jahili ba, don haka su biyun su riƙa zuwa kicin ɗinsa da yamma. Suka riƙa zuwa. Ga su nan ƙatti biyu a kan benci kamar 'yan aji ɗaya, butar shayi a tsakiya, tsoho yana gabansu da sanda.

"Murya ba ita ce aikin ba," in ji shi. "Jakin mai kwal ma yana da ita. Aikin shi ne lokaci. Mai shela ba ya cewa jiya ya tsaya nan. Jiya yaushe? In abu ya faru daga fitowar rana zuwa tsakar rana, *yestermorn* ne, jiya da safe. Daga nan har a kaɗa babbar ƙararrawar coci ta almuru, *yestereve*, jiya da yamma. Ƙararrawar nan na yin shiru an shiga *yesternight*, daren jiya. In kuwa ya wuce jiya, shekaranjiya kenan, *ereyesterday*. Ku maimaita."

Suka maimaita. Kofuna suka yi rawa a kan kanta.

"Baba, in na rikice fa?" in ji Clem. "Ba sai in ce *yesteryear* in huta ba?"

"Ka ce, in sa sandar nan a ƙeyarka. Wannan ta masu tsara waƙe ce, su da ke kukan bara da zamanin da ya shuɗe. Wa ya taɓa nemo ɓataccen rago da ita?"

Hester ta ce, "Direban motar madara, ɗan Sikotlan ɗin nan, shi *yestreen* yake cewa."

"Tasu ce ta can ƙetaren iyaka. Sun dama yamma da dare a kwano ɗaya. Mu nan rabawa muke yi, 'yar nan, kuma da dalili. Ragon da ya ɓace da yamma, a bakin hanya ake nemansa, bai yi nisa ba. Wanda ya ɓace da dare, sai a hau tudu da karnuka. Ka faɗi kuskure, ka tura maza goma inda babu komai."

Hester ta koma gida kamar ta tashi sama. Abin ya shiga ranta fiye da yadda ta zata. Ba ihu kawai ba ne ashe, aiki ne mai tsari, ita kuwa mace ce mai son tsari. Asabar ta gaba ta raba ƙwanta tire-tire. Wata baiwar Allah ta zo ta ce, "Hester, ƙwan nan sabo ne?" Sai ta ce mata wannan tiren *yestermorn* ne, wancan *yestereve*, na ƙarshen kuma *ereyesterday*, ta zaɓa. Matar ta tsaya ta dube ta, ta ce ita fa ƙwan kaza ta zo saye. A gida ma babu hutu. 'Yarta tilo Doreen, wadda ke ɗauke da tsohon ciki, ta riƙa dafe mara tana dariya tana cewa, "Mama, don Allah, kina firgita mini ɗa. In kika ce *yesternight* sai ya shure ni." Nas Tiplady, ungozomar garin, ta ce saura kusan wata guda, don haka babu wanda ya damu.

Tsarin Baba Wilf shi ne, jajiberin gwaji mai shela ba ya magana ko kalma ɗaya, sai zuma da ruwan ɗumi. Hester ta san kanta. In tana cikin gari, ko bishiya ta gani sai ta gaishe ta. Don haka ran Alhamis da yamma ta ɗaure 'yar jakarta ta hau tudu, gonar yayanta, inda babu waya, babu maƙwabci, sai tumaki ɗari biyu da goma sha huɗu. Nan ta yini ran Juma'a da gyale ɗaure a baki, tana zagaya katanga tana maimaita kalmomin a zuci. Yayanta ya ce tun da aka haife ta bai taɓa yini mai daɗi irin wannan ba.

Ran Asabar ta biyo motar madara, motar kuwa ba ta wuce ƙofar gona ko ɗaya ba sai ta tsaya. Kafin su iso kasuwa ta cika maƙil. Tebura arba'in da bakwai an jera, kifi, cuku, man shanu, dankali, burodi, kaji a keji, amma kowane an lulluɓe shi da farin ƙyalle, domin a Skelbeck ba a sayar da ko albasa ɗaya sai mai shela ya rufe shelarsa da "Allah ya ja zamanin Sarauniya". Ranar gwaji kuwa na ƙarshe ke rufewa. Can a kan gada an tsayar da mutum da farin hankici, in ya ji magana sarai ya ɗaga.

Clem ya riga ya hau. Kuma gaskiya ya yi ƙoƙari. Mutum uku suka kawo masa labari a kunne kamar yadda aka saba, ya tambayi kowa lokaci, ya faɗa daidai, hankici ya tashi a kan gada. Jama'a suka tafa. Hester tana saukowa daga mota ta ji tafin, ta kutsa cikin taro.

Sai ga surukinta Len Calvert, mijin Doreen, ya ratso mutane a guje, gemu ba aski, maɓallan riga a karkace. "Inna! Inna, tsaya ki ji!" Hester ta ɗora yatsa a baki ta ture shi gefe. Yini guda ta yi tana tara muryar nan, ba za ta ɓarar da ita a kan Len ba. Ya sake biyo ta, ta zare masa ido. Len yaro ne mai tsoron surukarsa. Ya tsaya ya sosa kai, sai ya ga hanya ɗaya ce ta rage da za ta saurare shi. Ya je ya shiga layin masu kawo labari, shi ne na uku.

Ta hau dutse. Baba Wilf, daga kujerarsa a ƙasa, ya miƙo mata ƙararrawa. Ta kaɗa, ta cika ƙirji.

"Ku saurara! Ku saurara! Ku saurara!"

Tattabarun rufin majalisa suka tashi gaba ɗaya. Hankici ya ɗaga a kan gada tun ba ta shiga labari ba, wani mai kamun kifi can bayan gada ma ya ɗaga hularsa. Karo na farko a duniya Hester ta saki muryarta duka, ta duba fuskoki, ba ta ga mai yamutsa fuska ba. Daɗi ya kama ta har cikin ƙafafu.

Ta farko a layi wata tsohuwa ce, ragonta mai baƙar fuska ya tsallake katanga.

"Yaushe?" in ji Hester.

"Jiya."

"Jiya yaushe, Gwaggo?"

"Ina cikin wanke kwanukan karin kumallo."

Hester ta miƙe ta shelanta cewa *yestermorn* rago mai baƙar fuska ya bar gida ba sallama. Na biyu kwandastan bas ne, ya tsinci haƙoran roba a kujerar baya shekaranjiya. Ta shelanta cewa *ereyesterday* wani bawan Allah ya sauka daga bas ya bar haƙoransa, ya zo ya karɓa kafin a buɗe teburin nama. Kasuwa ta kwashe da dariya. Baba Wilf ya gyaɗa kai. Saura ɗaya ta rufe, ƙararrawa ta zama tata ko ta Clem.

Ta sunkuyo, sai ta ga Len.

"Kai kuma me ya kawo ka layi?"

"Inna, Doreen ta sauka."

"Ta me?" A ganinta raɗa ta yi, amma har mai hankici ya ji.

"Ta haihu, Inna. Mace. Lafiya lau su biyun. Tun ɗazu nake son in gaya miki."

Hester ta tsaya baki buɗe. Baba Wilf ya buga sanda a ƙasa. "Tambaye shi yaushe!"

"Yaushe?" in ji ta, da ƙyar.

"Jiya."

"Jiya yaushe, ɗan nan?"

"Na rantse ban sani ba, Inna. Nas ta kore ni. Ɗakin kwal na shiga na zauna kan bokiti na toshe kunnuwa."

"Kafin ƙararrawar coci ne!" in ji wata maƙwabciya daga cikin taro. "Ina kwashe shanya na ji kukan!"

"Kyanwarki kika ji!" in ji ta gidan gaba. "Bayan ƙararrawa ne, na riga na kunna fitila!"

Nan take kasuwa ta rabu biyu, 'yan yamma da 'yan dare, kowa yana rantsuwa da abin da yake yi a lokacin. Hester ta dubi Baba Wilf, ta dubi lungun da ya gangara gidan Doreen. Ta san tun da aka dasa dutsen nan ba a taɓa jin mai shela ya sauka bai rufe ba. Ta san in ta sauka, wataƙila ta sauka kenan har abada, ta koma teburin ƙwai ana ce mata rage murya. Za ta iya zaɓar kalma ɗaya ta jefa, ta rufe, wa zai kama ta? Amma haihuwar jikarta ta fari ce. Ta faɗa wa gari abin da ba ta sani ba a kan yarinyar da ko gani ba ta yi ba? Ina!

Ta tattare siket, ta diro daga kan dutse, ta kwasa da gudu. Ƙararrawa na hannunta, ta ma manta da ita, tana ta kaɗawa har ta sha kwana.

Aka bar kasuwa ana kallon-kallo. Mai kifi ne ya fara farfaɗowa. "To mu fa? Ba ta rufe ba!"

"Bari in hau in rufe," in ji Clem.

"Wanda ya hau ƙarshe shi ke rufewa," in ji Baba Wilf. "Kuma da me za ka rufe? Da wuƙa? Ƙararrawa ta tafi."

"To in ba ta dawo ba sai yamma fa, Baba?"

"Sai ku ci kifinku."

Ai kafin ya rufe baki mai kifi ya bi lungu. Mai man shanu ta bi shi, masu dankali suka bi ta, masu saye da kwandunansu suka rufa baya. Baba Wilf ya ce shi ma ba za a bar shi ba, sai Clem ya ɗauke shi cak ya zaunar a baron kayan miya, ya tura yana haki yana cewa, "Tsoho, ashe kai ma ƙashi ne da nauyi."

Hester kuwa ta riga ta haye bene. Nas Tiplady ta karɓe ƙararrawar a bakin ƙofa ta kama harshen ƙararrawar da hannu don ƙarar ta tsaya. Ga Doreen a kan gado, ta gaji amma tana murmushi, ga wata 'yar aba ja-jawur a cikin tawul. Hester ta ɗauke ta, ta ƙirga yatsun hannu goma, na ƙafa goma, ta sake ƙirgawa, hawaye na zuba a kan tawul ɗin.

"Mama, kin ci gwajin?" in ji Doreen.

"Ban gama ba. Gaya mini, 'yata, yaushe?"

"Haba Mama, ko sannu?"

"Sannu, sannu, Allah ya raya. Yaushe?"

Doreen ta yi dariya har ta dafe ciki. Ta ce tun jiya da safe tana shanya ta fara jin ciwo, ta ɗauka wasa ne. Da yamma Len ya ruga ya kira Nas. Tana jin ƙararrawar coci daga farko har ƙarshe, sai da ta yi shiru tukuna yarinya ta karɓa da kuka. Nas Tiplady ta ce haka ne, ita ma kunnenta biyu.

Ƙasa kuwa an cika layi, daga ƙofar gida har famfon unguwa. "Hester! Kifi na lalacewa!" "Man shanu na narkewa, baiwar Allah!" "Nuna mana yarinyar mana!" Hester ta karɓi ƙararrawa daga hannun Nas, ta buɗe taga, ta ɗaga ta za ta yi shelar daga nan, sai Baba Wilf ya ɗaga sanda daga cikin baro.

"Dutse!" in ji shi. "Taga ba dutse ba ce!"

Haka aka juyo, Hester a gaba, baro a bayanta, gari duka a bayan baro. Ta hau dutse tana haki, gashi ya warware, takalmi ɗaya ya cike da taɓo. Ta kaɗa. Wannan karon ba sai ta ce a saurara ba, ko tari babu mai yi.

"Jama'ar Skelbeck! *Yestermorn* Doreen matar Len Calvert ta fara naƙuda tana shanya! *Yestereve* aka kira ungozoma, aka kori miji ɗakin kwal! *Yesternight*, bayan ƙararrawar coci ta yi shiru, Allah ya sauke ta lafiya, an sami 'ya mace! Ni ce kakarta! Allah ya ja zamanin Sarauniya!"

Ihu ya tashi. 'Yan dare suka riƙa yi wa 'yan yamma gwalo. Fararen ƙyallaye suka fara sauka daga kan tebura, amma Baba Wilf ya ce a dakata, ba a zaɓa ba tukuna. Shugaban majalisa ya ce shi fa akwai abin dubawa, mace ta sauka ba ta rufe ba. Tsoho ya ce shi ma ya gani da idonsa, kuma laifi ne. Amma ya ce shi ya tsufa a kan dutsen nan, kullum kafin ya kai labari na biyu rabin kasuwa na leƙen ƙarƙashin ƙyalle, bai taɓa ganin ranar da gari ya bi mai shela da gudu don ya ji ƙarshen magana ba. A bar wa jama'a.

Aka ce masu son Clem su ɗaga hula. Huluna sittin da ɗaya. Aka ce masu son Hester. Huluna da gyale ɗari da tara, har da na matar Clem.

"Ke ma?" in ji Clem.

"In ka ci, a gida ma shela za ka riƙa yi mini," in ji ta. "Je ka buɗe tebur."

Ya je buɗewa, sai aka ji salatinsa. Lokacin da kasuwa ta watse ta bi Hester, wani kare ya shiga ƙarƙashin ƙyalle ya yi gaba da cinyar rago guda, ya kuma ture kejin kaji a hanyarsa. Kaji goma sha huɗu sun bazu cikin gari, biyu suna kan matakalar majalisa. Hester, wadda Baba Wilf ke ƙoƙarin cusa wa jar riga da hannayenta suka zarce yatsunta, ta ce a bar rigar tukuna. Ta raba maza kashi uku, ta tura kashi ɗaya bakin kogi, ɗaya bayan coci, ɗaya layin tasha, ita kuma ta tsaya a kan dutse tana faɗa musu inda ta hango kowace kaza. Kafin shayin rana an kamo sha uku. Ta ƙarshen ba a gan ta ba sai da bazara, a gonar limamin coci, da 'yan tsaki bakwai a bayanta.